Fuskar da Lemuel Ya Sata

Lemuel Fitch bai iya ƙirƙirar fuska ba. Wannan ne aibin hannunsa, kuma kowa a maɗaba'ar Mista Rauch ya sani. In doki ne ko jirgin ruwa, daga kansa zai zano maka. Amma in mutum ne, sai ya fita titi ya sato. Yana da ɗan littafi a aljihun kwat, duk inda ya ga hanci mai ban dariya ko haɓa mai tsini sai ya raɓe kamar mai rubuta adireshi, ya ɗauke. Rabin fuskokin da mutanen Filadelfiya ke yi wa dariya a tagogin kantuna na maƙwabtansu ne.

A watan Janairu aikin maɗaba'ar ɗaya ne, takardun ba'a na ranar Falantin. Masoya kan aika wa juna kati mai furanni, gaskiya ne, amma ba shi ya fi fita ba. Wanda ake rububi shi ne mummunan zane da baiti huɗu na cin mutunci a ƙasa, a saya, a aika ta gidan waya babu suna. Akwai na tsohuwar budurwa da ta rasa mashinshini, akwai na gwauro marowaci, akwai na yarinya mai kwarkwasa. Mutane suna kiran wannan wasa. Ba wasa ba ne. Jifa ne a ɓoye hannu, kuma wanda ya tara duwatsun ya fi majefan laifi.

Wata safiya Mista Rauch, Bajamushe mai tumbi da gajeren haƙuri, ya tsaya a kan Lemuel ya ce, "Fitch, tsofaffin 'yan matanka sun ishe ni. Bana mata masu wando ake yayi. Tun da suka fara taron neman 'yanci, kowane namiji tsoro yake kar a ce matarsa ta fi ƙarfinsa, shi ya sa yake neman wanda zai nuna da yatsa. Zano min mijin-ta-ce. Namiji a bakin bahon wanki, uwargida a kujera."

"Sai na samo fuska, Mista Rauch."

"Ka duba madubi bayan ka yi aure, za ka samu kyauta."

Masu juya injin suka kwashe da dariya, don ba wanda bai san zancen Lemuel da Hester Birkett ba.

Hester a bene take aiki, ɗakin masu launi. Mata tara ne a dogon tebur guda, kowace da launinta ɗaya da buroshinta. Takarda za ta fito daga inji baƙi da fari, ta farko ta sa shuɗi ta tura, ta biyu ta sa rawaya ta tura, haka har ƙarshen tebur. Hester ce mai ja. Wata bakwai ke nan Lemuel yana raka ta gida in an tashi, kuma ya riga ya gaya mata in sanyi ya wuce zai nemi aurenta. Ba ta ce a'a ba. Abu ɗaya ne ta hana shi: bai taɓa wuce famfon da ke bakin layinsu a unguwar Kensington ba. A nan take tsayawa ta ce, "Nan ya isa." In ya matsa, sai ta ce, "Gidanmu ba ya karɓar baƙi tukuna. Ka yi haƙuri."

Mutumin kirki zai yi haƙurin. Lemuel kuwa abin ya riƙa cin sa.

Ran wata Asabar da aka tashi da wuri, sanyi ya ɗan sassauta, Hester ta rabu da shi a famfo ta nufi kantin magani. Maimakon ya juya, sai ya zagaya ta lungun baya inda ake zubar da toka. Ya bi shingen katako yana leƙe ta tsaga, gida bayan gida, har ya ga mayafin nan kore mai jan geza da shi da kansa ya saya mata, rataye a igiya.

A rumfar bayan kicin wani ƙaton mutum ne ya duƙa a kan baho, tururi na tashi. Zai yi shekara hamsin da biyar. Kafaɗunsa kamar ƙyauren sito, kansa sanƙo, kunnuwansa a buɗe kamar hannun tukunya, girarsa ta hagu ta rabe biyu da tsohon tabo. Ya ɗaura ƙyallen aiki irin na mata a ƙugu, yana cuɗa fatari a jikin katakon wanki. A bakin ƙofar kicin wata 'yar siririyar mace tana zaune cikin kujera, an lulluɓe ta da bargo har wuya, jarida a jingine a kan allo a gabanta, bakinta yana motsi.

Hannun Lemuel ya riga tunaninsa shiga aljihu.

Yana cikin zanen sai matar ta yi shiru ta ɗaga ido. Mutumin ya tsame hannu, ya goge a ƙyallen, ya taka ya juya mata shafin jaridar, ya gyara mata bargon, ya koma kan bahonsa. Hannun matar bai fito daga bargon ba ko sau ɗaya.

Kar wani ya ce Lemuel bai gane ba. Ya gane sarai. Ya san gidan wa yake leƙe, ya san waɗannan iyayen wa ne, ya kuma san dalilin da mace mai lafiya ba za ta bari a juya mata shafi ba. Ya rufe littafin, ya ce wa kansa ba zai yi amfani da shi ba. Amma bai yage shafin ba. Wanda ya yi niyyar barin abu yakan yar da shi ne, ba ya adana shi a aljihu.

Kwana uku yana neman wata fuska a kasuwa da bakin kogi, bai samu wadda ta kai wannan ba. Ran Laraba Mista Rauch ya yi masa tsawa a gaban jama'a. Ran Alhamis Lemuel ya sa aka kawo masa sabon dutsen da ake zane a kai a buga takarda da shi, ya fere allin maiƙo, ya buɗe littafin. Ya ce wa kansa zai ƙara tsawon hanci, ya rage goshi, ba mai ganewa. Ya ƙara hancin kuwa. Amma kunnuwan ya bar su, don su ne abin dariyar, tabon gira ma ya bar shi, don in babu shi fuskar ba ta da rai. Matar kuma ya cire mata bargo, ya sa mata wandon maza, ya ɗora ƙafafunta a kan tebur, ya cusa mata lofe a baki. A ƙasa ya rubuta:

Ka wanke, ka matse, ka shanya, maigida,
Uwargida na karatu, kar ka dame ta.
Ta ɗauki wando ta bar maka fatari,
In ka gama, ga tukwane can suna jira.

Da aka buga ta gwaji, Mista Rauch ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan da ransa yake! A ina ka samo ɗan banzan nan?"

"A hanya."

"A buga dubu uku."

Lemuel ya ji daɗin yabon. Wannan ma a rubuta masa.

Al'adar aikin ita ce mai zane ya sa wa takarda ɗaya launi da hannunsa, a kai bene a kafe a bango, mata su riƙa kwaikwaya. Lemuel ya yi samfurin, ya sa ja a kunnuwa da kumatu, amma bai iya hawa da shi ba, sai ya ba wani. Can da hantsi ƙafarsa ta kai shi tsakiyar matakala ba da shawararsa ba, ya tsaya inda zai ji ba a gan shi ba.

Misis Dooley, tsohuwar bazawara 'yar Ailan da ke shugabantar tebur, ita ke ta zuba. "'Yan mata, ku dubi miji! Wa ke so? Ni dai in da marigayi ya taɓa tsoma yatsa a baho, da na yi masa takaba shekara goma. Nan da nan na gama, ban ɓoye muku ba."

"Ni a ba ni shi ko da kunnuwan," in ji mai shuɗi. "In rataye tawul a ɗaya, hula a ɗaya."

"Ke Hester, kin yi shiru kamar an aiko ki coci. Ga darasi saurayinki ya aiko miki, kar ki ce ba a gargaɗe ki ba. Tsaya, me kike yi? Samfur bai ce a sa ja a hannu ba. Kin mai da hannun mutum kamar ɗanyen nama."

"Haka hannun yake," in ji Hester.

"Wa ya gaya miki?"

"Wanda ke wanki da ruwan toka cikin sanyi, haka hannunsa yake, Misis Dooley."

"To, ya ma fi ban dariya. Ci gaba."

Kwana huɗu suka yi a kan aikin. Sau dubu uku fuskar ubanta ta zo gaban Hester, sau dubu uku ta tsoma buroshi ta sa masa ja ta tura. Ba za ta iya cewa a dakata ba, don in ta ce, ta gaya wa tebur guda ko wane ne. Ta ci gaba da aikinta tana fatan garin da faɗi, ba mai ganewa. A kwanakin nan ta ce wa Lemuel kanta na ciwo, kar ya raka ta. Shi kuma ya karɓi uzurin da hannu biyu.

Garin da faɗi, amma Kensington ba ta da faɗi. Ansel Birkett, uban Hester, shekara talatin yana toshe kafofin jiragen ruwa da igiya da kwalta a bakin kogin Delaware, ba wanda bai san kunnuwan nan ba. Ranar Falantin ta faɗo Asabar. Ran Litinin da aka tashi, Hester ta tsaya a ƙofar maɗaba'a tana jiran Lemuel. Suka yi tafiya mai nisa, dusar ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalma.

"Ashirin da uku," in ji ta.

"Me?"

"Guda ashirin da uku mai kawo wasiƙa ya kawo gidanmu. Yana miƙawa yana cije leɓe. A wurin aiki kuma sun kafa ɗaya da ƙusa a akwatin kayan aikinsa, suka rataya masa fatari a kai. Shekara shida Baba yana wankin nan a bayan gida, ba wanda ya sani sai mu."

"Hester, na rantse ban yi tsammanin..."

"Kar ka rantse. Ka san me ya sa ba ni nake wankin ba? Ya hana ni. Ya ce hannun da ke riƙe buroshi ba zai bari ruwan toka ya farfasa shi ba. Hannun da ya tanada ke nan, da shi na sa masa launi."

Lemuel ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya fara zancen Mista Rauch da matsinsa, ya ji maganar ba ta da ƙafa, ya bari.

"Babanki ya san ni ne?"

"Abin da ya dame ka ke nan?" Ta dube shi. "Bai sani ba. Takardar ba sunan maɗaba'a, ni kuma ban faɗa ba. Abin da ya sani game da kai shi ne kana zana jirage da dawakai. Ka daɗe kana son zuwa gidanmu, to, ran Lahadi ka zo cin abinci bayan coci. Ka gaya masa da bakinka. In ka faɗa, ko da sanda ya kore ka, maganarmu tana nan, ni zan san yadda zan yi da shi. In ba ka faɗa ba, ka ci abincinka ka tafi. Ba zan zauna gida ɗaya da mutumin da ke iya kallon Baba a ido da wannan a cikinsa ba."

"Zan faɗa."

"Sai Lahadi."

Sharaɗi ne mai sauƙi. Kalma huɗu ce ko biyar. Lemuel ya yi mako guda yana maimaita su, a kan hanya, a gaban madubin aski, har suka yi masa santsi a baki.

Ran Lahadi Ansel Birkett da kansa ya buɗe ƙofa, cikin baƙar kwat ɗin coci da ta matse masa kafaɗa. Ya kama hannun Lemuel da nasa biyu. Fatar kamar ɓawon itace, duk ta tsattsage a gaɓoɓi.

"Kai ne Fitch ɗin! Shigo, shigo, ɗana. Na fara tsammanin yarinyar nan ƙirƙiro ka ta yi. Keziah, ga shi, ashe mutum ne da ƙafa biyu."

Misis Birkett tana kujerarta kusa da murhu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, na hagun ma sai a hankali, amma idonta garau, maganarta kuma tana fita ko da yake a ja take. Ta dubi baƙon ta daɗe, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Mista Fitch."

Aka zauna. Romon tumbi mai barkono, dankali, kabeji, burodi mai zafi. Ansel ya yi addu'a, ya ja kujerarsa kusa da matarsa, ya riƙa ba ta a baki, cokali ɗaya nata, ɗaya nasa, yana hira kamar ba abin da yake yi. Ya ga idon Lemuel a kansa, ya yi dariya.

"Da can in da baƙo ba na yin haka, shi ya sa ba ma kiran baƙi. Yanzu kuwa an kaɗa min ƙararrawa, kowa ya sani. Wanda ya jiƙe ba ya gudun ruwan sama."

Ƙofa ke nan aka buɗe wa Lemuel. Hester ta ajiye cokali tana kallonsa. Lemuel ya ce wa kansa ba a gaban mara lafiya ba, ba a kan abinci ba. Ya ce romon ya yi daɗi.

"Ni na dafa," in ji Ansel. "Kar ka gaya wa kowa, kar a sake buga ni."

Bayan abinci tsohon ya ce ya zo ya ga wani ƙaramin jirgi da yake sassaƙawa a rumfar baya. Da suka fita ya ja ƙofar kicin ya rufe. Bahon yana kife a gefe. Ba jirgi ya nuna masa ba. Ya sa hannu a bayan itacen wuta ya zaro takarda a ninke.

"Sauran na ƙone su kafin Keziah ta gani. Wannan na ajiye. Kai ɗan sana'ar ne, kuma ba ɗan unguwa ba." Ya sosa ƙeya, kunnuwan suka yi ja. "Ni ban yi makaranta ba, ɗana. Keziah ce idona, ita ke karanta min jarida in ina aiki. Wannan kuwa ba zan kai mata ba, ba zan kai wa 'yata ba, 'yan wurin aiki kuma in na tambaya dariya kawai suke. Karanta min abin da aka rubuta a ƙasa."

"Ba wani abu ba ne, Mista Birkett. Shirme ne."

"Shirmen nake son ji. Mutum ya san da me aka zage shi."

Lemuel ya karɓi takardar. Ba ya bukatar dubawa, amma ya duba, ya ma yi kamar yana haɗa baƙi. Ya karanta baiti huɗun nan nasa da muryarsa, a rumfar da ya sato su.

Ansel ya saurara da kai a sunkuye. Ya ce, "Tukwanen ma ina wankewa. Bai yi ƙarya ba." Ya karɓi takardar ya kura mata ido. "Ni ban damu da nawa ba. Kunnuwa nawa ne, tun ina yaro ake min waƙa da su. Amma dubi abin da ya yi mata. Wando. Ƙafa a kan tebur. Matar da shekara shida ba ta taka ƙasa ba. Wanda ya yi wannan ya tsaya can ne, jikin shingen nan, ya gan ta da idonsa. Ka gaya min, tun da ka san irinsu, wane irin mutum ne zai ga haka ya je ya zana wannan?"

Babu tambayar da ta fi wannan sauƙin amsawa. Lemuel ya buɗe baki, kalmomin da ya yi mako yana gogewa suna nan a kan harshe. Ya dubi hannuwan nan, ya dubi fuskar da ke jiran amsa da yarda, ya ce, "Akwai marasa kunya da yawa a sana'ar, Mista Birkett."

"Haka na zata. To, Allah ya shirye shi. Koma ciki, sanyi. Bari in ɗebo gawayi."

A ciki Hester ta kwashe kwanuka ta shiga ɗakin ajiya. Misis Birkett ce kaɗai. Ta yi masa alama da ido ya matso.

"Ɗauko min Littafi Mai Tsarki a kan kanta, Mista Fitch. Buɗe wajen Zabura."

Ya buɗe. A tsakanin shafuka ga rabin takardar ba'ar, an yanke da almakashi a tsanake. Ba matar, ba baitin. Ansel ne kaɗai a kan bahonsa.

"Yana tsammani ya ƙone duka. Ɗaya ta faɗa bayan kujerata. Na sa Hester ta yanke min ni, ta bar min shi. Shekara ashirin da shida da aure, ba wanda ya taɓa zana min mijina. Hancin ba nasa ba ne, amma yadda yake duƙawa, da girar nan, shi ne sak. Kana da hannu."

Lemuel ya ɗago kai daga littafin.

"Hester ce ta..."

"Hester ba ta ce komai ba. Na gan ka. Wanda ke zaune ba shi da aiki sai kallo. Na ga ido a tsagar shinge, na ga hular nan da ke hannunka. Na zaci yaron kirki ne ya zo leƙen gidan budurwarsa, har na ji daɗi." Ta numfasa, maganar ta gajiyar da ita. "Ba zan gaya masa ba. Ba kayana ba ne. Ga shi nan shigowa."

Ansel ya shigo da bokitin gawayi, ya zuba a murhu, ya karkaɗe hannu. Hester ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da tawul a hannu. Lemuel ya miƙe tsaye. Duk ɗakin ya san mai magana ne ya miƙe.

"Mista Birkett, akwai maganar da ta kawo ni."

"Ina jin ka, ɗana."

Mata biyu suna kallonsa, dukansu sun sani, dukansu suna jira. Mutum ɗaya ne a ɗakin bai sani ba, kuma shi kaɗai ne ke kallonsa da ƙauna. Wannan kallon ne Lemuel ya kasa rabuwa da shi. Ya fi son a ci gaba da ganinsa mutumin kirki na minti biyar, a kan ya zama mutumin kirki.

"Na zo neman auren Hester," in ji shi.

Ansel ya buga cinya ya yi dariya har da ƙwalla. "Shi ne ka yi fari fat kamar za a rataye ka? Na ba ka! Keziah, kin ji? A makon da aka mai da ni abin dariya, a makon mutum ya zo neman 'yata, bai ji kunyar gidan ba. Wannan shi ne namiji." Ya rungume shi har ƙashinsa ya yi ƙara.

Misis Birkett ta rufe ido. Hester ta ninke tawul ɗin gida huɗu ta ajiye.

"Bari in raka shi, Baba."

Ba ta ɗauki mayafi ba. A bakin ƙofar waje ta tsaya, hannuwanta a harɗe saboda sanyi.

"Hester, ki ba ni mako guda. Zan dawo in gaya masa. Yau ya yi farin ciki da yawa, ban iya..."

"Ka ci abincinka," in ji ta. "Sauka lafiya, Mista Fitch."

Ta shiga ta rufe ƙofa, ba da ƙarfi ba.

Bai koma bayan mako guda ba. Kafin watan ya ƙare Hester ta bar maɗaba'ar Mista Rauch ta koma wani wuri da ake sa wa taswira launi, aka ba wata yarinya jan. Misis Dooley ta ce ai dama 'yan matan zamani ba su san abin da suke so ba.

Cikin watan Afrilu, da ƙanƙarar kogi ta narke, Lemuel yana tafe a titin kasuwa da tsakar rana sai ya ji an kira sunansa daga ƙetaren hanya. Ansel Birkett ne, da kwandon cefane a hannu, a fili, ba ɓoyo. Ya ratso tsakanin kekunan doki ya zo ya cire hula.

"Ɗana, na daɗe ina son in gan ka. Kunyarka nake ji, shi ya sa ban zo wurin aikinka ba. Na ba ka magana, 'yata ta mai da ni ƙaramin mutum. Na tambaye ta dalili ta ƙi faɗa, na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba tun tana yarinya, har kwana uku ba mu yi magana ba. Uwarta ma ta goya mata baya. Ban san abin da ya shiga kansu ba." Ya murza hular a hannu. "Mun yi maka ba daidai ba. Ka yafe mata, don Allah. Ka yafe mana."

Mutane suna wucewa ta gefensu. Ba mara lafiya a wurin, ba abinci, ba farin cikin da za a ɓata. Duk uzurin da Lemuel ya taɓa kawowa babu ko ɗaya a titin nan, kuma kalma biyar za su wanke yarinyar a idon ubanta.

"Ba komai, Mista Birkett," in ji Lemuel. "Na yafe mata."